Ranar da Aka Sauke Pluto

Har gobe ba zan manta da safiyar da mudir ɗinmu, wato shugaban kamfaninmu, ya shigo ofis da jarida a hannu ba, a ƙarshen watan Agusta na 2006. Lokacin ina mataimakiyar edita a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai a unguwar Alsahafa, muna haɗa kundin ilimi na 'yan makaranta. Aikina in karanta kowane babi, in daidaita kanunsa, in sa hannu kafin a kai maɗaba'a.

Jaridar ta ce masana taurari sun yi taro a Turai, sun fitar da Pluto daga jerin manyan duniyoyin da ke kewaya rana, sun mai da ita ƙaramar duniya. Wasu masanan kuma sun ce ba su yarda ba. Mu kuwa ga babi guda mai kanu "Pluto, Duniya ta Tara", har an tsara shafukansa.

Mudir, Ustaz Abdurrahim, mutum ne da ba ya son rigima. Ya ce a cire babin gaba ɗaya, tunda masu abin ma ba su daidaita ba. Na roƙe shi ya bari in ga marubucin tukuna, don a ƙa'idarmu ba a taɓa babi sai da sanin mai shi.

Marubucin shi ne Malam Isa, tsohon malamin labarin ƙasa a birnin Umdurman da ke tsallaken kogi, wanda kakansa ya yada zango a nan kan hanyar hajji. Na tsallaka kogi, na ƙarasa gidansa a raksha, keken haya mai ƙafa uku. Na tarar ya riga ya ji a rediyo, ransa a ɓace. Ya ce in aka taɓa kanun nan, zai janye duk abin da ya rubuta mana kan sararin sama. Na ɗauka taurin kan tsufa ne, sai ya kawo dalilinsa: manhajar makaranta har yanzu tara take cewa.

"'Yata, yaron da ya karanta littafinku ya rubuta takwas a jarrabawa, wa zai ba shi makinsa?"

Na ce, "Gaskiyarka, Baba. Amma in muka bar tara, yaron da ya ji rediyo zai ce littafinmu ƙarya yake yi, har sauran shafukan ba zai ƙara yarda da su ba."

Muka daɗe muna ja, shayi ya huce. Daga ƙarshe na kawo shawara: a bar babin, kanun ya zama "Pluto" kawai, sakin layi na farko kuma ya faɗi abin da aka yanke da waɗanda suka ƙi. Sai ya ce a miƙo masa biro, babu mai rubuta wannan sai shi. Shi ya ƙara wa ɗalibai gargaɗi cewa littafin makarantarsu yana iya cewa tara, don an rubuta shi kafin taron.

Mudir ya karanta yana yamutsa fuska, ya tambaye ni ko zan ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Na ce zan ɗauka, na sa hannu a gabansa. Haka aka buga shi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. In masana suka saɓa a kan abu, ba a goge shi, ba a kuma zaɓar musu ɓangare a kanu. A faɗa wa mai karatu an saɓa. Kuma kafin ku ce dattijo ya kafe, ku je gidansa ku ji dalilinsa.