Maikano Direba da Hajiyar Jamus

Ku gyara zama ku ji labarin Maikano, direban da ya tsufa a titunan Alƙahira. Mutumin Gumel ne. Karatu ya kawo shi tun yana saurayi, karatun bai yiwu ba, sitiyari ya yiwu. A shekarar 2012 ya fara tuƙa Gideon, wani ma'aikacin ofishin jakadanci da ke zaune a unguwar Mohandessin.

Shi Gideon tun yana yaro yake cikin mawaƙan cocinsu a Kafanchan. Motarsa ba ta rabuwa da faya-fayan wasu tsofaffin waƙoƙin Jamus, waɗanda aka ɗauka tun kafin a haife shi. Mace ce ke rerawa. Muryarta ba siririya ba ce, tana da kauri kamar kunun gyaɗa, a bayanta kuma ga goge da sarewa da ƙahonni gari guda. Maikano bai san ko kalma ɗaya ba, amma ya raɗa mata suna Hajiyar Jamus.

"Yallaɓai, yau kuma wa ya mutu wa Hajiya?"

"Ba mutuwa ba ce, Baba Maikano. Saurayinta ne ya gudu."

"Ma'alish, Hajiya, sai haƙuri. Haka muke, mu maza."

To, sannu a hankali sai Maikano ya lura makaɗan Hajiya suna raguwa. Sarewa ce ta fara ɓacewa, ƙananan gogen suka bi ta. Ya zargi faifan, ya goge shi da bakin riga. Ya zargi sifika. Ran da ya ce a sayi sabuwa, Gideon ya dube shi.

"Haba Baba, ga sarewar nan tana tashi. Ba ka ji ba?"

"Na ji," in ji Maikano. Bai ji ba.

Wanda ya san Alƙahira ya san da kunne ake tuƙi a cikinta. Madubi ado ne, hon shi ne magana. Gajere yana nufin ga ni a gefenka, dogo kuwa ba ya faɗuwa a gaban yara.

A gida, matarsa Zulaihatu ta riga shi ganewa.

"Malam, ina ta kira kana ta cin tuwonka. Ka gaya wa mutumin nan."

"Ki rufa min asiri. Iƙamarmu, takardar zama a ƙasar nan, a wuyan aikin nan take. In ya tafi, 'yarmu Hauwa ta bar jami'a ke nan, mu tattara."

"Ran mutane fa?"

Wannan ya ji ta sarai, ya yi kamar bai ji ba.

Haka ya yi ta lallaɓawa har wata rana da azahar, a 2014, suna kan gada. Ya sauya hannu, ashe wani mai mikrobas, ƙaramar bas ta haya, yana ta zabga masa hon. Mikrobas ta kwashe madubi da rabin ƙofa, kan Gideon ya bugi gilashi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Maikano ya gangara gefe ya tsaya. Ya zare makulli, ya miƙa da hannu biyu.

"Yallaɓai, ban ji shi ba. Na daɗe ba na ji."

Gideon ya share jinin goshinsa.

"Gobe mu je wurin likita, Baba."

"In likita ya ce khalas, kunne ya tafi fa?"

Gideon ya miƙo hannu. Ya karɓi makullin.

Maikano ya zagaya ya zauna a kujerar mai zaman banza, hannuwansa bisa gwiwa, ya rasa inda zai kai su. Har suka isa Mohandessin ƙafarsa tana taka birkin da babu shi.