Baffa Ya Tsaya a Bakin Gada

Da hantsin wata Laraba labarin ya same ni. Ina ofishinmu na sashen noma a Babura, manoma sun cika baranda ana ta hayaniyar rabon taki, sai wayar ƙanwata Hajara ta shigo. Na katse, da niyyar in kira ta idan na samu sarari. Ta sake kira nan take. Da na ɗaga, ba ta yi sallama ba, ta ce, "Yaya, ka taho gida. Baffa ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda na fita daga ofishin ba, na dai tsinci kaina a motar Kazaure, daga can na hau babur zuwa ƙauyenmu a ƙasar Roni. Na tarar an gama yi masa sutura, ni kaɗai ake jira a yi salla.

Mahaifina, Malam Buba malamin dabbobi, sananne ne a rugagen Roni da Gwiwa. Waɗanda suka zo gaisuwa sun faɗi alherinsa fiye da yadda zan iya faɗa. Wani dattijo ya tuna ranar da Baffa ya ɗaure ɗan maraƙi mara lafiya a bayan tsohon babur ɗinsa, ya kawo shi gidanmu ya yi jinya har ya miƙe, ya mayar wa mai shi. Wani ya ce idan Baffa ya je rigakafi ruga, ko rana ta faɗi ba ya tafiya sai ya tabbata babu saniyar da aka tsallake, har wadda ta maƙale a bayan gari sai an nemo masa ita. Yakan ce, "Fita da garke kowa ya iya. Ni dai a dawo da kowa." Duk wanda ya zauna da shi ya ji wannan maganar daga bakinsa.

Ni kuwa ɗan fari ne, kuma Baffa Bafulatani ne mai riƙo da kunya irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Idan zai yi maganata sai ya ce "wancan". Ba ya zama tabarma ɗaya da ni, ba ya tambayata yaya karatu. Ranar da sakamakon jarrabawata ya fito, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna yana kallon rumbu, ya ce, "An ce wancan ya yi ƙoƙari." Ya fita. Da yamma aka yanka rago, kuma har yau babu wanda ya faɗi dalilin yankan. Na taso na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye ba, akwai lokutan da abin ya ci mini rai. Ina ganin yadda yake wasa da Hajara, yana tsokanarta, ni kuwa sai dai gaisuwa daga nesa.

Abin da ya zaunar da mu wuri ɗaya, har yanzu idan na faɗa mutane dariya suke yi. Gem ne. Ina karatu a Kazaure na sayi wata 'yar na'urar wasa ta hannu a wurin wani abokina, tsohuwa, murfinta ma ya tsage. Akwai wani wasan yaƙi a ciki da ya ɗauke mini hankali. Kashi biyu ne. Da farko za a nuna maka fili an yanka shi gida-gida, ka jera mayaƙanka: wane a kan tudu, wane a bakin ruwa, wane a baya. Idan ka gama ka danna, sai abokan gaba su yi ta watso harsasan wuta ta ko'ina kamar ruwan ƙanƙara, kai kuma kana jan wani ɗan haske kana kurɗawa a tsakaninsu, kana ba mayaƙanka umarni. Idan harsashi ya yi ta samunka, mayaƙi zai faɗi, wanda ya faɗi kuma ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Wani hutu Baffa ya same ni a gindin darbejiya ina ta fama, an kira la'asar ban ko ji ba. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu, na ba shi, ya kai ɗakinsa ya sa a akwatin alluransa. Na haƙura da ita. Bayan 'yan kwanaki sai Inna ta kira ni tana danne dariya, ta ce, "Baffanku ya ce abin nan naka ya mutu." Ashe kunnawa yake yi har batir ya ƙare. Na kai wa mai caji, na dawo da ita, na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na miƙa. Bai karɓa ba. Yana kallon bango ya ce, "Waɗannan gidajen da aka zana, kamar na dara ne?"

Na ce, "Kusan haka ne, Baffa."

Ya ce, "To, wanda ya jera mutanen nan bai iya dara ba."

Ni ne na jera su. Ya matsa gefe a kan tabarmarsa, abin da bai taɓa yi mini ba, na zauna.

Daga ranar aiki ya rabu. Baffa gwanin dara ne, shi ke jeri. Zai yi ta kallon filin har in ƙosa, sannan ya nuna da farce: wannan ya koma nan, wancan ya hau tudu. Idan na yi gunaguni sai ya ce, "Duba ƙasa tukuna, abokin gaba ba gudu zai yi ba." Amma da zarar an fara ruwan harsasai sai ya miƙo mini, don yatsunsa ba su da wannan saurin. Ya taɓa gwadawa sau ɗaya, kafin ƙiftawar ido an yi masa kaca-kaca, ya ajiye ya ce abin ba shi da ladabi. Ni ke kaucewa, shi kuma yana leƙe ta kafaɗata yana cewa, "Hagu! Kai, hagu na ce!" Inna takan wuce da ƙwarya tana cewa, "Ikon Allah, mutumin da ya hana rediyo kwana a ɗakinsa." Abokansa na masallaci ma sun tsokane shi, ya ce musu dara ce ta zamani, kuma duk cikinsu babu mai iya ta.

Wasan yana ba da dama a raɗa wa mayaƙa suna. Baffa ya sa na goge sunayen Turawan da ke kai, ya yi ta faɗo mini sunayen shanun mahaifinsa ina rubutawa: Saje, Gudale, Fara, Wule. Da muka zo kan wani mahayin doki mai mashi, wanda ya fi kowa ƙarfi a rundunar, sai ya ƙura masa ido. Can ya ce, "Rubuta Wancan." Na rubuta. Ban ɗago kai ba, shi ma bai kalle ni ba.

Doka ɗaya ya kafa, kuma ita ta fi ba ni wahala. Wata rana mun ci wani yaƙi mai zafi da ƙyar, yatsuna har ciwo suke, amma maharbinmu Saje ya faɗi. Na ce mu wuce gaba.

Ya ce, "Ina Saje?"

Na ce, "Baffa, ai an ci yaƙin."

Ya ce, "Na ga an ci. Ina Saje?"

Haka muka koma farko. A duk shekarun da muka yi muna wannan wasa, ba mu bar mayaƙi ko ɗaya a fili ba. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne Wancan. Kullum a can baya Baffa yake ajiye shi, ga ƙarfi ga doki, amma sai an kusa gama yaƙi ake sakinsa. Na yi magana har na gaji. Amsarsa ɗaya ce: "Ba a sa wannan a gaba." A raina na ɗauka ko a cikin gem ma bai yarda zan iya wani abu ba.

Da na samu aiki a Babura na yi aure, na bar masa na'urar, don yana son zama yana nazarin filin ko ba a buga ba. Da fari duk ƙarshen wata nake zuwa, mu ci yaƙi ɗaya ko biyu bayan la'asar. Sannu a hankali zuwan ya ja baya. Zuwana na ƙarshe, cikin bazara, muka iso wata gada, babban yaƙin da ya rage kafin ganuwar abokan gaba. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan sai an yi tunani. A bar shi sai an dawo." Na lura a ranar hannunsa yana ɗan rawa, kuma tuwon da aka kawo masa ya taɓa kaɗan ya ture. Na gani da idona. Amma yadda shi ba ya iya kiran sunana, haka ni ma bakina ya yi nauyi in ce, "Baffa, me ke damunka?" Na yi masa sallama na tafi.

Bayan nan saƙo ya fara zuwa ta bakin Hajara, don Baffa bai taɓa kirana a waya ba. "Yaya, Baffa ya ce a gaya wa wancan an gama jeri." Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban fahimta ba. Na san mahaifina. Na san mutumin da ba zai iya cewa yana son ganin ɗansa ba, wannan ce iyakar maganar da al'ada ta bar masa. Na ce ta gaya masa ina nan tafe ranar Asabar. Asabar ta zo, rajistar manoma ta riƙe ni. Saƙo ya sake zuwa, na ce sai an gama rabon taki. Akwai ma ranar da na zo ɗaurin auren abokin aiki a Kazaure, gida yana nan kusa, na duba sama na ga hadari, na ce wani satin. Wannan ranar ce take hana ni sakat. Hadarin ma bai zubar da ruwa ba.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Inna ta aika a kira ni ɗakin da take takaba. Ta turo mini na'urar a naɗe cikin rawanin Baffa. Ta ce, "Ga abinku. Duk Juma'a sai ya aika an yi mata caji, wai kana tafe Asabar. Har Juma'arsa ta ƙarshe."

Na ce, "Inna, me ya sa ba a gaya mini jikin ya yi tsanani ba?"

Ta ce, "Na nemi in faɗa, ya hana. Ya ce kana aikin jama'a. Hajara ta ce ya kawo ta kauce masa harsasan, ita ma ta iya. Ya ce a'a, hannun wancan ne."

Na kunna a gabanta. Ga gada, ga ruwa, ga mayaƙa a jere yadda ya bar su. Saje a kan tudu, Gudale da Wule sun tare bakin gadar, Fara a gefen ruwa. Jeri ne mai kyau, irin wanda aka daɗe ana tunaninsa. Can a ƙarshen fili, bayan wani dutse inda harsashi ba ya kaiwa, ga Wancan a kan dokinsa, an tsayar da mai maganin rundunar a gefensa. Ban san na yi magana a fili ba, sai na ji na ce, "Har yau dai a baya."

Inna ta ce, "To da a ina kake so ya sa ka? Ai tun kana yaro haka yake. Idan rafi ya kawo za a ƙetarar da shanu, kai yake bari a gida, ya tafi da 'ya'yan ƙannensa, ya ce ba ka iya ba. Ka iya mana, shi ma ya san ka iya. Zuciyarsa ce ba za ta ɗauka ba."

Na kifa kaina a kan rawanin na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na'urar tana wurina a Babura. Maɓalli ɗaya ya rage a danna yaƙin ya fara, kuma na san da wannan jerin za a ci. Amma da zarar na danna, mayaƙan za su motsa daga inda ya ajiye su, kuma babu mai sake jera su haka. Ban danna ba. Duk Juma'a nakan sa ta a caji, in kunna in duba, in kashe. Matata ta daina tambaya. Baffa ya gama nasa aikin da hannu mai rawa, ya zauna yana jiran nawa, ni kuma ina can ina duba hadari. Na roƙi Inna ta yafe mini, ta ce ita ba ta riƙe ni ba, shi ma bai taɓa ambata ba. Wannan ɗin ya fi mini zafi a kan a ce ya yi fushi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Malam Buba, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Ka sa tausayin da ya yi wa dabbobi da mutane ya zama nauyi a mizaninsa, ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, Ka saka wa Hajara da ta yi jinyar da ni ya kamata in yi, Ka rufa wa zuriyarsa asiri. Ni kuma Ka yafe mini jinkirina, Ka ba ni ikon yi wa Inna abin da na kasa yi masa tun tana raye. Ranar da za Ka tara bayinKa, Ka haɗa mu da shi a Aljannar Firdausi, gidanmu gaba ɗaya, har da wancan da ya makara. A dawo da kowa, ya Allah. Amin.