Sixten, Wanda Ba Ya Tafiya Sai An Danna

Ƙarfe bakwai na safe Sixten Hällgren yake tayar da motar aiki, ya ajiye butar kofi a kujerar gefe, ya nufi ƙauyukan bayan garin Arvidsjaur. Shekara talatin da tara ke nan yana haka. Ya hau turakun waya tun zamanin wayar tagulla, ya ja intanet har gidajen da ke can cikin daji, a ƙarshe aka ba shi kula da na'urar neman agaji ta tsofaffi: abin ɗaurawa a hannu mai maɓalli ɗaya, in mutum ya faɗi ya danna, wata ta amsa daga ofis.

Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya. Kamfanin ya aiko masa da saƙon godiya wanda kwamfuta ta rubuta, ko sunansa ba a sa daidai ba. Abin ya ƙona mini rai, kuma har yanzu ban huce ba.

Shekara biyu baya aka cire na'urorin daga tsohon layi aka mayar da su kan intanet. Allon ofis ya nuna kore, alamar komai lafiya, a kowane gida, sai shugabansa Pontus ya ce aiki ya kammala, ba sai an je ba.

"Kore dai akwatin na'urar yana da wuta ke nan," in ji Sixten. "Wa ya ce maka za a ji muryar tsohuwa?"

"Sixten, zamani ya wuce ka. Na'urar da kanta take gwada kanta."

"To ta danna kanta mu gani."

Pontus na'ura ya sani, Sixten kuwa mutanensa ya sani. Tsofaffinmu na arewa gara su wuni kwance a ƙasa da a ce sun dami wani, balle su danna don gwaji kawai. Sai Sixten ya bi gida-gida ba da izinin kowa ba.

A gidan Gunvor Åhlin, mai shekara tamanin da shida da ke zaune ita kaɗai, cikin durowar cokula ya tarar da abin hannun.

"Ajiye shi na yi kada ya lalace," in ji ta.

"Ɗaura ki danna, Gunvor."

"Lafiyata ƙalau, in tayar wa 'yan matan ofis hankali a banza? Zauna ka sha kofi, duk ka bushe kamar itace."

"Ba zan taɓa kofinki ba sai kin danna."

A ƙi mata kofi a cikin gidanta, wannan ba ta iya jurewa. Ta harare shi, ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, babu wanda ya amsa, allon ofis kuma yana nan kore shar.

Gida goma sha ɗaya cikin sittin ya samu a haka, ya gyara su duka. Ladansa takardar gargaɗi, wai yana yawon da ba a aike shi ba. Cikin watan Fabrairu Gunvor ta zame a kicin da safe, ƙugunta ya karye. Ta danna, aka amsa.

Kai ne wanda bai yarda da kore ba sai ya ji murya, Sixten. Kai ne mai cire takalmi a bakin ƙofa, mai taurin kai inda ya dace. Mun gode maka, tunda masu ofis sun kasa. Ku kuma masu cika mana gidaje da kaya masu wayo, ku koya daga wannan bawan Allah: kafin ku ce an gama, ku taka ku je wurin mai shi.

Ranar Juma'ar da ya yi ritaya, da hantsi, kira ya shigo wa Ylva mai amsa waya a ofis, daga gidan matar da ba ta damun kowa.

"Gunvor, kin faɗi ne?"

"Ban faɗi ba, 'yata. Ki dai gaya wa Sixten na danna."