Kunnen Kawu Sufana

Kawu Sufana bakanike ne, amma ba irin masu kwance mota kaf kafin su gano ciwonta ba. Shi sai ya ce a tayar da inji, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinsa, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido kamar ana masa tausa. Can sai ya ce, "Famfon ruwa ne." A buɗe kuwa a tarar shi ne. Da wannan kunne ya aurar da 'ya'ya, da shi ya rufa gida da kwano.

A gida fa, sai matarsa ta yi ta kira har maƙwabta su amsa, shi ko gezau.

"Malam, numfashin inji kana ji, ni ce dai ba ka ji, ko?"

Yakan yi dariya, amma abin na damunsa. Kunnen dama ya daɗe da yin ɗum, kuma haka na mahaifinsa ya fara har ya kurumce. Bakanike ba kunne kuwa, sai zaman benci da ba yara labari.

Ranar da mota ta kusa taka shi tana ta zabga hon, matar ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likitar ta ciro wani ƙarfe mai yatsu biyu, ta buga a gwiwarta ya ɗauki kuka, ta dafa gindinsa a ƙashin bayan kunnen dama.

Kawu ya washe baki. "'Yata, ashe sana'armu ɗaya!"

"In ya yi shiru ka faɗa, Baba."

Ya daɗe yana ji. Da ya ce kukan ya ɗauke, ta kawo yatsun daidai ƙofar kunnen. Ko ƙis. Ta sake bugawa, ta ɗora masa a tsakiyar goshi.

"Ina ya fi ƙara?"

"Dama." Sai ya zabura. "A'a! Ai na daman ne mataccen!"

"Da jijiyar ce ta mutu, a hagu za ka fi ji. Taka ƙalau take, hanya ce ta toshe, shi ya sa sauti ke zagayawa ta ƙashi." Ta haska fitila, ta ga dauɗa ta daskare. "Baba, da me kake sosa kunne?"

"Da makullin motar mutane!" in ji matar.

Aka ba shi maganin ɗigawa, da ya koma aka wanke. Abin da ya fito, Kawu ya ce ko a bututun hayaƙi bai taɓa gani ba.

A hanyar gida matar na biye da shi tana ƙunƙuni, yadda ta saba tun da ta gano ba ya ji: "Tsoho sai taurin kai."

Kawu bai ko waiwayo ba.

"Na ji fa, uwargida."