Littafin Anti Saratu na Farko

Jiya bayan sujada Anti Saratu, malamar sakandare a nan Kafanchan, ta miƙo mini littafinta na farko, labarin matasa.

Na ce, "Anti, shekara huɗu a kan littafi ɗaya?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai tun shekarar farko na gama. Da na karanta wa 'yan ajina, wata ta ce, 'Ma, mu ba haka muke magana ba.' Na sha kuka, sannan na sake rubuta shi ina sauraronsu. Maɗaba'a biyu suka ƙi shi, ta uku ta karɓa."

Babba guda ta yarda yara su yi mata gyara, gaskiya ta burge ni. Ku fa, za ku iya?