Alluna Biyu a Gidan Warsiti

Warsiti ba ta wuce firamare ba, amma duk unguwarsu da ke arewacin Pekalongan an san ta da hannu mai kyau a kan batik, wato zanen yadi da kaki kafin a rina shi, an kuma san ta da littafi a cinya. Tun tana yarinya uwarta ta zaunar da ita gaban kaskon narkakken kaki, ta damƙa mata ɗan bututun tagulla, ta koya mata ɗiga kakin a kan farin yadi har fure ya fito, har tsuntsu ya buɗe fukafuki. Da wannan sana'a ta shiga gidan miji, da ita ta raini 'ya'yanta biyu, Darwanto da ƙanwarsa Sulikah. Son karatu kuwa ba wanda ya koya mata. Wajen wani tsoho mai ba da hayar littattafai a bakin kasuwa ta fara, daga baya ta riƙa sayen tsofaffi tana tarawa, har kabad ɗin ɗakinta ya cika.

Mijinta Kasmuri makanikin injin jiragen masunta ne, kuma bai taɓa gane abin da take samu a cikin takardun nan ba.

"Shinkafa na ƙonewa, ke kina can bikin mutanen da ba a ma haife su ba," haka yakan ce in ya dawo daga bakin ruwa.

"Ai gara bikinsu, Baban Darwanto. Ba su taɓa cewa in kai gudunmawa ba."

Teku ta daɗe tana cin unguwar. Kowace shekara sai an ƙara wa daɓe tudu, ruwa kuma ya ƙara hawa. Wata shekara suna gidan suna a Batang ruwan ya shiga ɗaki har gwiwa. Da suka dawo suka tarar littattafan sun kumbura sun manne da juna. Ta shanya su a kan rufi, amma gishiri da fumfuna sun riga sun gama da su. Kasmuri ne ya kwashe su a baro ya fitar, ranar ko kalma ɗaya ta tsokana bai yi ba.

Ba a daɗe ba idanunta ma suka fara gajiya. Likita ya ba ta tabarau, ya ce ƙananan ɗige-ɗigen nan na batik ta haƙura da su. Ta koma manyan zane, waɗanda a da take bar wa masu koyo. Ko ta ari littafi a maƙwabta, rubutun sai ya riƙa haɗe mata. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba, ta dai zama mai yawan shiru.

Da ƙaramar Sallah Darwanto ya zo daga Semarang, inda yake aiki a tashar jiragen ruwa, ya ajiye mata kwali a gaba. Kwamfutar hannu ce, faffaɗar nan mai fuskar gilashi da ake shafawa da yatsa.

"Inna, duk abin da ruwa ya ci miki yana cikin nan, har da wanda bai ci ba. Ga kallo, ga kira, ga karatu. In rubutu ya yi miki ƙanana ki ja shi da yatsu biyu, zai buɗe."

Ta yi murna ƙwarai. A wannan allo ta fara ganin jikokinta suna rarrafe alhali suna wani gari. A ciki ta ga zanen batik na garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, launin ja da shuɗi tar kamar yanzu aka tsamo su daga rini. Sai dai da ta zo kan karatu abin ya ƙi. Shafi biyu uku idanunta sun fara yaji, hawaye na zuba, goshinta na sarawa. Hasken kamar daga cikin allon ake watso mata shi. Tana tsakiyar labari sai saƙon matan unguwa ya faɗo a kai, kafin ta kawar da shi ta ɓata inda take. Ga nauyi a wuyan hannu, ga neman caji kullum. Idan ta fita baranda don ta sha iska, allon sai ya koma madubi, ba ta ganin komai sai tabaranta da bishiyar mangwaron da ke bayanta.

Duk lokacin da Darwanto ya kira ya tambaya, sai ta ce, "Ina ta karatu, Allah ya yi maka albarka." Ba ta son ta kashe masa gwiwa.

Sulikah ce ta gano. Tana aiki a wani kantin magani a Tegal, takan leƙo gida lokaci-lokaci. Ta dubi idanun uwar sun yi ja, ta dubi kwalbar maganin ɗigawa da ta kusa ƙarewa. Zuwanta na gaba ta taho da wani ɗan allo, bai kai rabin na wanta ba, ga shi shafal kamar murfin tukunya.

"Wannan na karatu ne kawai, Inna. Fuskarsa kamar takarda take, ba ya watsa haske a ido. Caji ɗaya sai ki yi makonni. Ko ruwa ya fantsamar masa ba abin da zai same shi."

Warsiti ta juya shi gaba da baya. Fari da baƙi ne, babu launi, babu sauti. Ta taɓa gefe, shafin ya yi ɗan ƙyaftawa kafin ya canza.

"Anya ba lalatacce suka ba ki ba? Ina ake ganin yaran?"

"Ba a ganin yara a wannan."

"To ina amfaninsa?"

Da labari ya kai wa Darwanto sai ya kira ƙanwarsa, uwar tana zaune tana jin su.

"Ke yanzu talabijin ɗin zamanin kakanmu kika saya wa Inna? Abin da ko hoton kyanwa ba zai nuna da kala ba?"

"Yaya, naka fitilar mota ce ka kunna mata a fuska. Ka zo ka ga idonta."

"Ai ana rage hasken."

"Ka rage mata ka ga ko za ta ga rubutun."

Warsiti ta ce su bari haka nan, duka biyun ta gode. Amma a ranta ta ɗan ji wa ɗanta zafi, don haka da Sulikah ta tafi sai ta sa ƙaramin allon a aljihun tebur ta rufe.

A damina ta gaba Kasmuri ya faɗi a wurin aiki. Masunta ne suka ɗauko shi zuwa asibiti. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da in ya fara surutu sai an roƙe shi ya tsaya, yanzu sai ya yi ta kokawa da kalma ɗaya, in ta ƙi fita ya juya fuska bango. Da za a sallame su likita ta ce wa Warsiti ta riƙa fitar da shi hantsi yana shan rana, ta riƙa motsa masa hannu da ƙafa, kuma kada ta bar shi cikin shiru.

Motsa jikin kuwa, allon Darwanto ne ya koya mata. Ya turo mata bidiyon yadda ake yi, ta jingine allon a jikin butar shayi tana kallo tana kwaikwayo, ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. In ta rikice ta mayar baya. Kasmuri yana gurnani, ita tana cewa, "Yi haƙuri, saura kaɗan."

Hirar ce ta gagare ta. Ta ba shi labarin maƙwabta, ta ba shi na farashin kifi, ta ba shi na jikoki, cikin 'yan kwanaki zance ya ƙare. Sai su zauna a baranda, shi yana kallon titi, ita tana kallon hannunta. Wata safiya ta tashi ta buɗe aljihun tebur. Ta zaci za ta tarar abin ya mutu, sai ta ga da sauran cajinsa. Ta fito da shi rana, ta yi shirin ganin fuskarta kamar yadda ta saba, amma rubutu ta gani, baƙi a kan fari, rana na ƙara fito da shi. Ta ƙara wa haruffan girma har suka yi mata daidai. Ta zaɓi ɗaya daga cikin labaran da Sulikah ta zuba mata, na wani direban babbar mota da wata mai sayar da abinci a bakin hanya, ta fara karantawa da ƙarfi.

Kasmuri bai nuna yana ji ba. Ita ma ba ta damu ba, don ta daɗe rabonta da ta yi shafi goma ba tare da hawaye ba. Washegari ta ci gaba, jibi ma haka. Abin ya zama musu ƙa'ida: ta ba shi shinkafa da megono, wani mahaɗi mai kwakwa da yaji, a baki, ta share masa gemu, ta motsa masa hannu, sannan karatu har rana ta yi zafi.

Rannan labarin ya kai inda direban ya tsayar da motarsa ya faɗa wa matar abin da ke ransa. Marubucin bai ji kunya ba ko kaɗan. Warsiti ta leƙa gaba da ido, ta ga maƙwabciyarta tana shanya a tsallaken shinge, sai ta danna shafi biyu da sauri ta ɗora daga inda gari ya waye.

Ta ji an taɓa mata gwiwa. Kasmuri ne da hannun hagu, bakinsa na rawa.

"Kin... tsallake."

Ta zuba masa ido. Tun faɗuwarsa ba ta ji magana ta fita sarai haka ba.

"Me ka ce, Baban Darwanto?"

"Tsallake. Koma."

"Au, dama kana ji? Kai da ka ce ba a haife su ba?"

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi, ta mayar, ta koma baya shafi biyu. Ta rage murya yadda maƙwabciya ba za ta ji ba, ta karanta masa duka, ba ta bar ko layi ɗaya ba.

Da yamma ta kira 'ya'yan a babban allon, fuskokinsu biyu gefe da gefe, ta ba su labari. Sulikah ta sa kuka. Darwanto ya ce wa ƙanwarsa, "To ke mai talabijin ɗin kaka, kin ci wannan."

"Ba don naka ba da yanzu hannun ubanku ya sandare," in ji uwar. "Kuma da me nake kallonku yanzu? Ku dai Allah ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku abin da kuka yi mana."

Ƙafar Kasmuri ba ta dawo daidai ba, da sanda yake zuwa masallacin unguwa, aikin inji kuwa ya bar shi ke nan. Amma magana ta dawo, a hankali, da ɗan ja. Da hannunsa ya yi ƙwari sai ya fara karɓar ƙaramin allon da kansa, tunda ba shi da nauyi, hannu ɗaya ya isa riƙe shi da juya shafi. Yana karatu a hankali, leɓɓansa na motsi, in ya ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinsa ya miƙo mata. Ya gano labaran yaƙi da na 'yan fashin teku, waɗanda ita ba ta so, suka riƙa musu a kan wanda za a buɗe.

Yanzu in ka bi ta layinsu da hantsi za ka same su a baranda. Shi yana kan kujerar gora da allon a hannu, ita tana ƙasa gaban kaskon kaki tana jan manyan ganyaye a kan yadi. Sukan yi rabo, safiya tasa, bayan azahar tata. Sai dai Kasmuri ba ya cika alkawari. In ta miƙa hannu yakan ce saura shafi ɗaya, ita kuma ta ce ta ji, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.