Sarki Uku a Hannun Girdhari

Shekara ashirin da shida na yi ina kaɗa ganga a bayan Girdhari, saboda haka ko matarsa ba ta kai ni sanin ƙeyarsa ba. Shi ke gaba da ƙahon tagulla, ni ina biye, mu ratsa titunan Meerut cikin jajayen riguna har mu kai ango ƙofar gidan amarya. Mu goma sha huɗu ne a ƙungiyar Master Shakil, amma duk wanda ya zo ɗaukar makaɗan biki tambayarsa ɗaya ce, ko mai ƙahon nan yana nan.

Ƙahon na ubansa ne, akwai ɗan lotsawa a bakinsa tun ranar da wani ɗan biki ya faɗa kansa a buge. A sana'armu ganga da riga na Master ne, amma mai busa da abinsa yake zuwa. Wanda ba shi da abin busa kuma bai iya ganga ba, sai dai ya shiga layin masu ɗaukar fitila a ka, waɗanda ake ba abinci bayan kowa ya ci.

Abu na biyu da aka san Girdhari da shi shi ne karta. Ba ɗan caca ba ne, sau ɗaya yake wasa a shekara, ranar Diwali, bikin fitilu, kamar kowane magidanci a unguwarmu. Tin patti muke yi, karta uku a hannun kowa. A wannan wasa babu abin da ya kai uku iri ɗaya, sarki uku ko goma uku, su ne ƙololuwa. Kartar da zanenta kawai ya zo ɗaya, a ce duk zuciya, kala muke ce mata, ƙaramin hannu ne da ake yi wa dariya. Girdhari ya shekara talatin yana kwashe mu, yana tauna ganyen pan yana kallon maƙogwaron mutum. Kuma ba a yi masa gyara a karta. Na taɓa gwadawa, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Da shekarar annoba ta zo aka hana taro, biki ya mutu, mu ma muka bi shi. Girdhari ya gwada tallan albasa a kan kura, aka kore shi daga titi sau biyu. A wata na biyar ya naɗe ƙahon a tsohon zanin matarsa Phulwati, ya kai wa Haji Alimuddin mai shagon kayan busa a Jali Kothi. Ni na raka shi.

Haji ya juya ƙahon ya ce, "Girdhari bhai, na san ubanka da wannan abin. Zan saya, amma ba zan rataye shi a gaba ba. Zan ajiye maka har washegarin Diwali. Ka zo da abin da na ba ka, ka ɗauki kayanka. In ya wuce haka, ni ma ina da bakuna a gida."

Kuɗin suka tafi a garin alkama da maganin Phulwati. Saura wata ɗaya Diwali aka soma cewa za a buɗe bukukuwa, Girdhari kuwa ko kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ƙahon bai haɗa ba.

A nan Tinku ya shigo. Ƙanin Phulwati ne, gardi mai shekara arba'in da ke gyaran waya a bakin kasuwa, mutumin da bai taɓa riƙe bakinsa ba. Ya same mu a shagon Master muna kaɗe ƙura daga riguna, ya miƙa wa Girdhari waya, yana kiransa Jija-ji, wato mijin yaya.

"Jija-ji, kana zaune kana cin ɗanyen gero alhali yaran Delhi na watsa kuɗi a nan. Poka sunansa. Yayan tin patti ne da ya je makaranta."

"Ni za ka koya wa karta? Kana tsumma nake cin kuɗin ubanka."

"To ai shi ya sa. Duba. Biyu za a ba ka, naka ne kai kaɗai. Sai a buɗe biyar a tsakiya, uku tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Waɗannan na kowa ne, kamar famfon unguwa. Ka haɗa da naka ka zaɓi biyar mafi kyau. Kowane zagaye ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka ajiye."

"Fuskokinsu fa?"

"Babu fuska, Jija-ji. Sunaye ne kawai."

"Wasan matsorata ke nan."

Tinku ya buɗe masa wani shafi mai jerin hannuwa daga babba zuwa ƙarami, da Turanci, da ƙananan hotuna. Girdhari ya ture wayar da bayan hannu ya ce a kai wa 'yan koyo. Ya tashi ya fita zubar da yawun pan. Tinku ya juyo gare ni yana dariya ya ce, "Mangat bhai, ka gaya wa tsohon nan, a nan kala ta fi uku iri ɗaya. Ni in na faɗa zai ce na raina shi." Na ce to. Girdhari ya dawo yana goge baki, na dubi fuskarsa, na tuna wata biyun nan, na ce a raina gobe.

Goben nan ita ta cuce mu, kuma ni na ƙirƙiro ta. Mako uku yana wasa da rana a shagon Master, ina gefensa. Ya ƙi teburin gwaji na kuɗin ƙarya, ya fara da ƙananan tebura. Abin haushi kuma ya iya. Haƙurinsa ya yi masa rana, yana ajiye hannu goma kafin ya bi ɗaya, ya gane wanda ke ƙarya daga yadda yake jinkirin danna waya. Sau biyu uku iri ɗaya ta zo masa, sau biyun ya ci. Kowane lokaci sai ya daki cinyata ya ce, "Ka gani? Karta karta ce, ko a Landan." Ni kuma in yi dariya in haɗiye maganata. Na gaya wa kaina ai yana ci, me zai sa in ɓata masa rai.

Ranar Diwali kuɗinsa sun ɗan haura rabin abin da Haji ke jira. Phulwati ta leƙo shagon da hantsi da kwanon alawa, ta tsaya daga ƙofa.

"Baban Rinki, ka cire abin da ka samu. Mu je mu roƙi Haji ya karɓi rabi."

"Yau ake cire kuɗi daga wasa? Ranar da Lakshmi uwar arziki ke zagaya gidaje? Je ki kunna fitilunki, gobe da safe za ki ji busa a tsakar gida."

Bayan azahar ya hau babban tebur da duk abin da yake da shi. Ya yi kusan awa yana ajiyewa. Sai aka ba shi sarki biyu. Aka buɗe uku a tsakiya, sarkin zuciya, taran zuciya, da wata baƙar biyu. Na ji numfashinsa ya sauya. Ya ƙara kuɗi, kowa ya gudu sai mutum ɗaya. Ta huɗu ta zo baƙar biyar, ya sake ƙarawa, mutumin ya bi. Ta biyar ta faɗo, ja ce, zuciya.

Zuciya uku ke nan a tsakiya. Na gan su sarai. Mutumin da tun ɗazu bi kawai yake yi ya turo kuɗinsa gaba ɗaya.

Na ce, "Girdhari, tsaya. Tinku ya ce..."

"Mangat, sarki uku ne a hannuna. Shekara talatin sau biyu na taɓa ganinsu."

Ya danna. Kartar mutumin ta buɗe, bakwai da huɗu, duka zuciya, tarkacen da a tin patti ko yaro ba zai tsaya da su ba. Kuɗin suka zame zuwa wancan gefen allo, aka raba sabon hannu babu Girdhari. Ko ƙiftawa uku abin bai kai ba.

Ya ce wayar ta yi kuskure. Ya ce ɓarayi ne. Muka tafi rumfar Tinku, shi yana gaba yana sauri, ni ina kallon ƙeyarsa. Tinku ya buɗe shafin nan da aka ture, ya ɗora yatsa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Mangat bhai, ba ka gaya masa ba?"

Girdhari ya juyo. Na so ya zage ni, na so ya mare ni a gaban kasuwa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tun yaushe?" Na ce mako uku. Ya gyaɗa kai ya wuce gida, yara na ta fasa tartsatsin wuta a gefen ƙafarsa.

Haji ya cika alkawari, har kwana biyu ya ƙara. Daga nan Master Shakil ya sayi ƙahon ya ba wani Sabir da ya ɗauko daga Hapur, mutum mai ƙarfin huhu da mataccen kunne. Ban ga laifin Master ba, biki goma sha ɗaya ke gabansa.

Bikin farko da magariba muka fita. Girdhari ya zo cikin tsohuwar riga marar maɓalli, ya durƙusa aka ɗora masa fitila a ka, mutum mai shekara hamsin da takwas. Masu fitila a gefe suke tafiya, don haka a karon farko fuskarsa nake gani. Wallahi na gwammace ƙeyar. Da muka iso kwanar gidan amarya, inda ƙaho ke hawa sama shi kaɗai, Sabir ya kama muryar ta suɓuce masa. Babu wanda ya lura, masu rawa na ta rawarsu. Girdhari ya matso da fitilarsa har kusa da gangata, maganar farko da ya yi mini tun Diwali.

"Maɓallin ƙahon na biyu yana maƙalewa. Ka gaya wa Sabir ya sa mai."

Ya gyara zaman fitilar, wutar na rawa a kansa.

"Yau za ka gaya masa, Mangat."